Yadda Za Ku Bi Sawun Kuɗin Ƙaramar Hukuma Da Na Tsaro A Zamfara

Duk wata kwamitin rabon kuɗin tarayya, wanda aka fi sani da FAAC, yana zama ya kasafta abin da ya shigo asusun ƙasa. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin 100 na babban asusun, suna kuma da kashi 35 na harajin VAT. A cikinsu 14 namu ne, tun daga Gusau, Bungudu, Tsafe da Maru har zuwa Zurmi, Shinkafi, Gummi da Bukkuyum. Adadin kuɗin ba a ɓoye yake ba, ana wallafa shi. Sawunsa ne ke ɓacewa bayan ya bar Abuja.

A teburin mai shayi da bakin masallaci kowa ya iya cewa "an cinye". Wannan magana ba ta hana kowa barci a sakatariya, domin ba ta da rana, ba ta da adadi, ba ta kama sunan wani aiki ba. Abin da ke sa ma'aji ya gyara zama shi ne a zo masa da takarda mai tambaya a kan aiki guda, ɗauke da sa hannun mutanen da ya san za su dawo.

Matakin farko: ku san aikin na wane ne

Rabin ƙorafin da ake kaiwa yana mutuwa ne saboda an ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sai kuma hannu a cikin makarantun firamare, kiwon lafiya da aikin gona. Babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta tarayya ce, babban asibiti na jiha ne. Rijiyar burtsatse kuwa tana iya zama ta ƙaramar hukuma, ko aikin mazaɓa na ɗan majalisar tarayya, ko ta wata ƙungiyar agaji. Kafin ku rubuta komai, ku je ku karanta allon da aka kafa a gindin aikin, ku ɗauki hotonsa. In babu allo, ku tambayi mai unguwa wa ya zo neman fili ranar da aka fara.

Kada mutum ɗaya ya ɗauki wannan aiki. Ku haɗu biyar ko bakwai: malamin makaranta ko tsohon ma'aikaci da ya san yadda fayil ke tafiya, wani daga ƙungiyar 'yan kasuwa, matashi mai waya, da mace aƙalla ɗaya, tunda mata ne suka fi kowa sanin ranar da asibitin sha-ka-tafi ba shi da magani. Ku yi ƙoƙari kada ku fito daga jam'iyya ɗaya. Da zarar an iya ce muku "'yan adawa ne aka turo", an sami hanyar kauce wa tambayar. Ku kuma kai gaisuwa wurin hakimi da uban ƙasa ku shaida musu abin da kuke yi. Ba izini kuke nema ba, amma kada su ji labarin a bakin wani.

Mataki na biyu: nawa ya shigo, nawa ya iso

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton rabon FAAC a shafinta na intanet, kuma a ciki akwai jerin ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar BudgIT ma tana sauƙaƙa waɗannan alƙaluma. Ku sa matashin nan ya sauko da na watanni shida ko na shekara guda, ku kwafe adadin ƙaramar hukumarku a littafi, wata-wata.

Daga nan za ku gamu da amsar da kowane ciyaman ya haddace: kuɗin ba ya zuwa hannuna. Kada ku yi saurin ƙaryata shi, don sau da yawa akwai gaskiya a ciki. Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki ya tanadi asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke bi. A can ake cire albashin malaman firamare, kuɗin fansho, kason masarautu da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, sannan a miƙo ragowar. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. A Zamfara an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nuwambar 2024. Sai dai yanke hukunci daban, aiwatar da shi daban.

Saboda haka tambayarku kashi biyu ce, kuma ku riƙe su tare: nawa Abuja ta ce ta ba mu a wata kaza, nawa ne kuma ya faɗa asusun ƙaramar hukuma a wannan watan? In akwai giɓi, a rubuta muku wa ya cire, kuma don me. Ciyaman mai gaskiya wannan tambayar taimakonsa take yi, domin tana sauke masa zargin da ba nasa ba. Wanda kuwa yake fakewa da gwamna alhali kuɗin ya iso, ita ce tambayar da ba ya so.

Akwai kuma kuɗin shiga na cikin gida, wanda kusan ba mai tambayarsa: harajin rumfa, na kara, na tasha, na mahauta. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Talata Mafara ko ta Shinkafi a ranar cinta ya san ba ƙaramin kuɗi ke juyawa ba. Ku roƙi 'yan kasuwa su riƙa karɓar rasit suna ajiyewa. Rasit na gaskiya yana da sunan ƙaramar hukuma da lamba mai bin juna. In kun ga rasit biyu da lamba ɗaya, ko ana karɓar kuɗi ana yaga farar takarda, kun sami abin tambaya mai ƙwari.

Mataki na uku: takardu biyu da za ku nema

Ta farko kasafin kuɗin shekara, wanda majalisar kansiloli ke amincewa da shi. Kansilan gundumarku ya kamata a ce yana da kwafi. Ku je masa cikin mutunci: "Ranka shi daɗe, muna son ganin abin da aka sa wa gundumarmu a kasafin bana." In ya ce shi ma bai gani ba, ku rubuta hakan da kwanan wata, don shi kansa bayani ne. Ta biyu rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙananan Hukumomi. Kowace jiha tana da wannan ofishi, kuma rahotonsa yana zuwa Majalisar Dokokin Jiha, inda kwamitin kula da asusun gwamnati ke dubawa. A irin wannan rahoto ne ake samun biyan da aka yi ba bauca, da kuɗin da aka ba ma'aikaci don wani aiki bai dawo da lissafi ba. Yakan makara, amma abin da ke ciki odita ne ya faɗa, ba ku ba.

In kasafin ya zo hannunku, ku tsallake shafukan albashi ku tafi sashen manyan ayyuka. Ku nemi sunan garinku. Ku zaɓi aiki ɗaya tak, wanda ido zai iya gani, ƙafa za ta iya zuwa.

Mataki na huɗu: wasiƙar

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa, kuma in za ta hana sai ta rubuta hujjarta. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu, kuma dokar ta sa tarar naira 500,000 ga hanawa ba bisa ƙa'ida ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani. An daɗe jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta shafe su ba, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce ta hau kansu.

Wasiƙar kada ta wuce shafi guda, kuma kada zargi ko ɗaya ya shiga cikinta. Ga yadda za ta kasance, a ce aikin rijiya ne:

"Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ta hannun Sakatare. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu mazauna gunduma kaza, bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, muna roƙon a ba mu kwafin waɗannan takardu game da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da aka sa wa garinmu a kasafin shekara kaza: takardar ba da kwangila, sunan kamfanin da aka ba, jimillar kuɗin, jerin kayan aikin da aka amince da su, abin da aka biya zuwa yau da ranakun biya, da takardar shaidar kammala aiki idan an bayar. Mun gode. Allah ya taya riƙo."

Ku rubuta da Hausa da Turanci in da hali, ku buga kwafi biyu. A kai ofishin rajista na sakatariya, ba gidan ciyaman ba, ba kuma hannun yaronsa ba. Ma'aikacin rajista ya karɓi ɗaya, ya buga hatimi a ɗayar, ya sa hannu da kwanan wata, ya dawo muku da ita. Nan ne ake yawan yin sakaci. Za a ce muku, "Ku bar ta nan, Alhaji, in Yallaɓai ya shigo zan ba shi." Ku yi murmushi ku ce, "Ba komai, Malam, a dai buga mana hatimi a tamu, mu ma mu sami abin nuna wa jama'a." In an ƙi, ku aika ta kamfanin kai saƙo da ke ba da shaidar isarwa. Wasiƙar da ba ta da shaidar karɓa, a idon kotu da na hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, kamar ba a rubuta ta ba ne.

Ranar da kwana 7 suka cika ku koma. In shiru, ku rubuta ta tuni, ku manna kwafin ta farko, ku aika wani kwafin ga Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da Masarautu a Gusau da ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarku.

Mataki na biyar: ku je ku gani da ido

Ko takardu sun zo ko ba su zo ba, ku je wurin aikin ku uku. A kan rijiyar, ku ƙirga faifan sola, ku duba tankuna nawa ne da lita nawa aka rubuta a jikinsu, ku buɗe kowane famfo. Ku tambayi matan da ke ɗiban ruwa ko yana kaiwa la'asar, ko kuwa da hantsi yake ɗaukewa. Ku duba ko sabon haƙa ne ko tsohuwar rijiya aka yi wa fenti aka kafa mata sabon allo, don ana yin wannan dabara. In aji ne, ku ƙwanƙwasa bulo, ku ɗaga kai ku ga kaurin kwano da katakon rufi, ku ƙirga benci. Ku ɗauki hoto da bidiyo, ku rubuta rana. In takarda ta ce tankuna biyu kuka tarar da ɗaya, abin da za ku faɗa ke nan: takarda ta ce biyu, mun ga ɗaya. Ku bar mai karatu ya kira abin da sunansa.

Mataki na shida: kuɗin tsaro

A nan ne ake rufe baki da kalma ɗaya: sirri. A jihar da 'yan bindiga ke sa wa ƙauyuka haraji kafin a shiga gona, ba wanda yake son a ce shi ne ya kawo wa tsaro cikas, kuma masu riƙe da kuɗin sun san da haka.

Ku fara da sanin tsarin. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki ya kafa rundunar 'yan sanda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. DPO, wato shugaban caji ofis na ƙaramar hukumarku, ba ma'aikacin ciyaman ba ne. Yana amsa umarnin kwamishinan 'yan sanda a Gusau, shi kuma na Sufeto Janar. Askarawan Zamfara, waɗanda Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024, na gwamnatin jiha ne. Sojoji da jami'an Sibil Difens na tarayya ne. To ina ciyaman ya shigo? Shi ke jagorantar taron tsaro na ƙaramar hukuma, inda DPO da jami'in DSS da sarakuna ke zama, kuma daga asusun ƙaramar hukuma ake fitar da kuɗin man sintiri, gyaran mota, abincin jami'ai da alawus na 'yan banga. Ba shi da ikon ba da oda, amma yana da hannu a aljihu. Ta wannan hannun za ku kama.

Ku raba tambayoyi gida biyu. Inda jami'ai za su kwana, ta wace hanya za su bi, wa ke kawo musu labari: wannan sirri ne na gaske, dokar samun bayanai ma ta keɓe shi, kuma mai hankali ba zai tambaya ba, balle ya sa a Facebook. Amma jimillar abin da aka ware wa tsaro a kasafin shekara, babura nawa aka saya, a wurin wa, kan nawa, 'yan banga nawa ke cikin jerin biya, wata nawa rabon da a biya su, ko an ba iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki abin da aka alkawarta: babu ɗan bindigar da zai amfana da amsar waɗannan. In an ce muku sirri ne, ku nemi a rubuta muku hakan, a nuna sashen dokar da aka dogara da shi.

Sannan ku gwada amsar da abin da ke ƙasa. In an ce ana ba da mai duk mako, amma ranar da aka kira caji ofis aka ce motar ba mai sai gari ya yi karo-karo, to wani wuri tsakanin ma'aji da tankin motar akwai rami. Ku tanadi littafi guda na gari: ranar da aka kawo hari, ƙarfe nawa aka kira, wa aka kira, ƙarfe nawa aka iso, ko ba a zo ba. Ba sunan mai ba da labari a ciki. Bayan wata uku wannan littafi ya fi kowace doguwar magana nauyi a gaban DPO ko kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC. Ku nemi wakilinku ya shiga wannan kwamiti. A ganina kuskure ne a bar shi ga masu neman katin shaida na nunawa a shingen hanya.

Ku yi adalci kuma. Ɗan sandan da aka ajiye a bakin daji da tsohuwar mota, alawus ɗinsa ya maƙale a wani ofis, shi ma wanda aka cuta ne, kuma sau da yawa shi zai fi kowa murna da tambayarku.

In jami'in ne ya yi laifin

Wasu ƙa'idoji kowa ya kamata ya haddace. Beli a caji ofis kyauta ne. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ba a tsare uba don ɗa ya gudu, ta kuma hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har ya ga lauya, a sanar da danginsa, a kuma samo masa tafinta in ba ya jin Turanci. Kada ya dangwala yatsa a kan sitatimen da ba a karanta masa ba. Dokar ta kuma ɗora wa babban majistare ziyartar caji ofis duk wata ya duba waɗanda ke bayan kanta. Azabtarwa laifi ce ƙarƙashin dokar 2017 da ta hana ta, ko wane kaki mai yin ta ya sa.

In an karya ɗaya daga cikin waɗannan, kada ku yi cacar baki a gaban kanta. Ku riƙe sunan da ke ƙirjin jami'in, lambar mota, rana da lokaci, da sunayen shaidu. In an karɓi kuɗi ta taransifa ko ta mai POS, ku adana shaidar. In akwai rauni, a je asibiti a karɓi takardar likita tun bai warke ba. Ƙorafi ya fara daga DPO, sai kwamandan yanki, sai kwamishina. In an yi biris, akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, sai Hukumar Ba da Agajin Lauya ga wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. In askari ne ko ɗan banga, ku kai wa kwamandansa da ciyaman a rubuce, in kuma duka ne ko kisa ko ƙwace, wannan laifi ne da 'yan sanda za su bincika kamar na kowa. Zamfara ta riga ta ga abin da ke biyo baya in aka bar masu ɗauke da makami suna yanke hukunci da kansu. Rikicin 'yan sa-kai bai yi nisan da za a manta ba.

Inda za ku kai, da yadda za ku kare kanku

Batun kuɗi, in wasiƙa biyu sun tafi ba amsa, ko kun ga an biya aikin da ba a yi ba, ku haɗa fayil: wasiƙu masu hatimi, shafin kasafin, hotuna, da bayanin shafi ɗaya. ICPC da EFCC suna karɓar ƙorafi a rubuce, haka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Kwafi ɗaya ya tafi ofishin mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi. Gidan rediyo ma hanya ce, domin abin da aka faɗa a shirin safe yana isa sakatariya kafin a buɗe ofis.

Amma ku auna harshe. An sha kama mutane a ƙasar nan da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 saboda abin da suka rubuta. Ku wallafa takarda da hoto da tambaya, ban da zagi, ban da kiran mutum ɓarawo kafin kotu ta kira shi. Ku yi magana da sunan ƙungiya. Fayil ɗin ya zauna a wuri uku, ɗaya a wajen garin. In wani ya zo da dare da ambulan yana cewa Yallaɓai ya ce a sha ruwa, ku mayar cikin girmamawa, ku shaida wa sauran 'yan kwamiti kafin gari ya waye. In barazana ce, ku rubuta wa DPO da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a ranar, ku karɓi shaidar karɓa.

Wani lokaci za ku ga an dawo an ƙara tankin nan na biyu ba tare da kowa ya amsa wasiƙarku ba. Ku ɗauki hotonsa, ku rubuta wasiƙar godiya ku kai rajista a buga mata hatimi, sannan ku koma kasafin ku zaɓi aiki na gaba.